Ranar da Kwalaben Ragib Suka Yi Iyo

Kwalba cikakkiya ba ta iyo. Wannan ko jikata da ba ta shiga makaranta ba ta sani, shi ya sa da na buɗe taga da safen nan na hangi wata jar kwalba ta fito ta ƙaramar tagar ɗakin ƙasan maƙwabcina Ragib tana rangaji a kan ruwa, sai na ajiye kofin gahawata na laluɓo tabarau. Ta bi gindin katanga a hankali, ta kewaye itacen tuffa, ta nufi ƙofar gida kamar mai zuwa unguwa. Kafin in gama gyara tabarau wata ta biyo bayanta.

An yi kwanaki ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Layinmu gangare ne, ya taso daga masallaci ya sauka har bakin kogi, kuma duk ruwan da ya zuba a rufin mutanen sama ba shi da masauki sai gidan Ragib, na ƙarshe a layin. Nawa gidan yana jikin nasa, amma marigayi mijina, Allah ya jiƙansa, abu ɗaya da ya yi daidai ba tare da na sa baki ba shi ne ɗaga harsashin gini. Ɗakin ƙasana ko danshi bai yi ba.

Na zura takalman roba na tsallaka. Na tarar da Ragib a kan matakalar ɗakin ƙasa, riƙe da ragar kwasar kifi mai dogon mariƙi, ƙafafunsa cikin takalman marigayiya matarsa Mujesira, dunduniya a waje don sun yi masa kaɗan. Ruwa ya shanye matakalar sai 'yan na sama. A kan ruwan kuwa, daga bango zuwa bango, kwalabe ne jajaye da koraye da masu ruwan ƙasa, suna gwara kai da juna ƙwal-ƙwal. Yana kamo su ɗaya-ɗaya yana jefawa a kwandon wanki.

"Maƙwabci, kifin bana jajaye ne?" na ce masa.

Bai juyo ba. Ya ce in koma gida kada gahawata ta huce.

Na ɗauki ɗaya daga kwandon. Ba nauyi ko kaɗan. A ido ajbar ne sak, dakakken jan tattasai gasasshe, har da ɗan duhun mai da ke taruwa a sama. Na murɗe murfin, sai warin fenti ya doki hancina. Ragib ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana fentin gidajen mutane, ashe da ya ajiye aiki bai ajiye burushi ba. Ya zuba jan fenti a kwalba, ya juya ta har ya game ciki, ya bari ya bushe, ya rufe. Masu ruwan ƙasa su ne maɗin tuffa, mai kaurin nan da ake shafa wa burodi. Na ɗauko koriya na ɗaga ta a haske, na ga kokwamba a jere, har da tafarnuwa da ɗan ganye a gindi, duk zane ne ta ciki.

Ya dube ni ta wutsiyar ido, kunya da alfahari suna kokawa a fuskarsa, ya ce korayen nan su suka fi ba shi wahala.

Na yi dariya har sai da na dafa bango. Daga baya na daina dariyar, don na tuna dalilin da zai sa dattijo ya zauna yana zana kokwamba. A wajenmu ana auna mutum da ɗakin ƙasansa. Wanda ƙanƙara ta sauka kantocinsa cike da tanadin sanyi, mutum ne mai tsaye da ƙafarsa. Wanda nasa ya zama fayau, to ko ya mutu ko yana jiran a zo a ɗauke shi. Tun rasuwar Mujesira, 'yarsu Sanela, wadda ke aikin jinya a birnin Graz, can ƙasar waje, take so ta tafi da shi. Ta ware masa ɗaki a saman wani dogon bene, taga na kallon wurin ajiye motoci. Ya taɓa zuwa sau ɗaya, ya dawo ya yi kwanaki yana shafa itacen tuffarsa kamar wanda ya fito daga kurkuku. A can babu tsakar gida, babu wanda zai yi masa magana da harshensa kafin yamma, babu kabarin Mujesira da yake zuwa sharewa kowace Juma'a. Da suka gaji da jayayya, Sanela ta yanke hukunci a gabana: muddin yana cika ɗakin ƙasansa da hannunsa, ya zauna; ran da ta sauka ta ga kantocin babu komai, ya haɗa jakarsa. Kowace kaka tana zuwa, ta sauka, ta haska fitilar wayarta a kan kantoci, ta gyaɗa kai, ta hau.

Na tambaye shi me ya hana ya yi na gaske. Ya nuna mini hannuwansa da suka fara rawa, sannan ya nuna murhun Mujesira da ke tsakar gida a rufe da tamfol. Ya ce gashin tattasai da ɓare shi da juya tukunya aikin mutum biyu ne, kuma shi bai iya kunna murhun nan shi kaɗai ba. Na ce da ya yi magana da mun yi masa. Ya ce ai shi ya sa bai yi ba.

Sai ya ƙara da abin da ya fi ruwan tayar masa da hankali. Sanela ta ga ambaliyar a labarai, ta kira shi tun da asuba, yanzu haka tana kan hanya. Kafin la'asar tana nan.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta yi nauyi. Rabin gidajen layinmu a kulle suke, tagogi a rufe, masu su suna Jamus ko suna maƙabarta. Idan aka ɗauke Ragib, wa zan riƙa yi wa tsiya ta kan katanga? Na ce masa ya ci gaba da kamun kifinsa, ni zan hau sama.

Na fara da gidan Fehim, don shi ke da injin jan ruwa, wanda yake ji da shi fiye da 'ya'yan cikinsa. Da ya ji labarin ya yi dariya har da tari, ya ce tun da yake bai taɓa jin an yi wa hunturu tanadin fenti ba. Matarsa Behija ce ba ta yi dariya ba. Behija mace ce mai kirki, amma hannun jarirai gare ta, kuma tun kafin in kai ƙarshen zance ta gane inda na dosa. Na ce kowane gida da ruwa bai taɓa ba zai ba da aron cikakkun kwalabe, a jera a kantocin Ragib, Sanela ta haska ta tafi, kowa ya kwashe abinsa. Ta tambaye ni wa zai tsaya mata idan ɗaya ta fashe.

Wanda bai san mu ba zai ce rowa ce kawai. Ba haka ba ne. A garinmu abin ciki kyauta ne, kwalba aro ce. Za ki ba mutum maɗin da kika yini kina juyawa ba ki ji komai ba, amma idan bai dawo da kwalbar ba, har ranar jana'izarsa sai kin tuna. Na san 'yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya da suka daina gaisawa a kan wannan. Na Behija kuwa ba irin namu ba ne, tsofaffi ne masu kauri, masu murfin gilashi da maɗaurin waya, gadon mahaifiyarta. Sai da Fehim ya tuna mata wanda ya yi musu fentin gida kyauta lokacin bikin 'yarsu, sannan ta sauka ɗakin ƙasanta tana gunaguni. Ta ɗaura wa kowace shuɗin zare a wuya don shaida. Na bi na tsinke. Ta ɗauko jan farce ta ɗiga wa kowace a gindi.

Kafin hantsi ya ɗaga layin gaba ɗaya ya sani. Matar liman ta kawo nata a kwandon kai, ta ce ita ba ta yi ƙarya ba, aro ta bayar, abin da aka yi da aron kuma tsakanin Ragib ne da Ubangijinsa. Matar mai burodi ta turo nata a keken jarirai.

A gidan Ragib, Fehim ya fara kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya ce ba ya son ya zama gasasshen tattasai. Ya tayar da injin, ya miƙa tiyo har kwata, ruwan laka ya fara tuttulowa. Bai jima ba injin ya shaƙe, ya yi tari ya mutu. Aka zaro wata tsohuwar safa daga bakinsa. Ya sake tashi, ya sake mutuwa, wannan karon murfin kwalba ne. Fehim yana lallashinsa yana kiransa da sunaye masu daɗi waɗanda na tabbata Behija ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Mu kuma muna kwashe kwalaben fenti a baro muna kaiwa rumfar itacena, muna rufewa da buhuna. Fehim ya kamo ɗaya a bakin ƙofa tana shirin fita titi, ya ce ya kama ɓarauniya.

Da ruwa ya ja, sai aikin gaske ya fito. Laka har idon sawu, itacen wuta ya jiƙe sharkaf, buhun dankali ya fara wari, gangar kabeji a kife a kan tsohon keke, ita ma babu komai a cikinta sai gizo-gizo da suka sha wanka. Muka shiga da shebur da bokiti, muna miƙa wa juna har waje. Bayana ya riƙe, gwiwoyina suna ƙara, amma rabon da in ji daɗin aiki haka tun ina amarya. Ina cikin kwasa na ga Ragib ya sunkuya a kusurwa, can ƙasan kanta, inda wata kwalba guda ta tsaya cikin laka ba ta motsa daga wurinta ba. Ya ɗauke ta ya goge da hannun riga, ya sa a aljihun kwat. Na ga haka na kau da kai.

Muka wanke kantoci muka jera kayan aro. Suka yi kyau, har suka yi kyau da yawa. Fehim ya ce wace kwalba ce za ta kwana a ambaliya ta fito tana ƙyalli? Ya ɗebo laka a bokiti ya ce kowa ya shafa. Na ga Behija tana shafa wa gadon uwarta taɓo da ɗan yatsa ɗaya, fuska kamar mai bin gawa.

Ana kiran la'asar motar Sanela ta tsaya. Ta fito ta rungume ubanta ta daɗe ba ta sake shi ba, ta duba idanunsa, ta taɓa wuyan hannunsa kamar yadda masu aikinta suke yi ko ana gaisuwa. Ta bi mu ɗaya-ɗaya, Inna Zumreta, wato ni, Inna Behija, Kawu Fehim, tana godiya. Sannan ta karɓi takalman uwarta daga ƙafar Ragib, ta saka, suka yi mata daidai, ta nufi matakala. Muka bi ta a jere kamar ba mu da aikin yi a gidajenmu.

Ta haska fitila. Ta bi kantocin a hankali, tana goge laka da babban yatsa tana leƙawa. Ta ce ma sha Allah, Baba ya yi ƙoƙari bana. Ta ɗago ɗaya daga na matar liman, ta ce ita a saninta Baba ya tsani gauta a ajbar, har yakan ce masu sa shi ha'inci suke yi. Ragib ya ce tsufa ya sa ya sassauta. Matar liman ta yi gyaran murya a bayana. Sanela ta sake ɗago biyu, ta ce abin mamaki, wannan kokwambar an yanka ta a tsaye, waccan kuma a kwance. Ya ce ya danganta da yadda ya tashi da safe. Ni dai ina kallon gefen bakinta. Na san wannan ɗan motsin, na gan shi a fuskar Mujesira duk ranar da Ragib ya dawo daga kogi da kifin da ya saya a kasuwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ta kashe fitila ta ce alhamdu lillahi, hankalinta ya kwanta. Har na ji Fehim ya sauke numfashi. Sai ta ƙara da cewa abu ɗaya ne ke damunta: ɗakin nan zai yi watanni bai bushe ba, murafu za su yi tsatsa, wahalar Baba ta tafi a banza. Tunda Allah ya sa ta zo da mota babu kaya, za ta kwashe duka ta tafi da su, yara suna ta begen ajbar ɗin kakansu. Shi kuma mai hannu irin wannan, ai kafin ƙanƙara ya sake cika wasu.

Duk muka juya muka kalli Ragib. Idan ya hana, me zai ce? Uba ne zai hana jikokinsa abin da ya yi da hannunsa? Sanela ta miƙa wa matar mai burodi kwalabe biyu cikin waɗanda ita matar ta kawo aro, ta ce don Allah Inna a taya ta kaiwa mota.

Haka muka yi layi muna ɗaukar tanadin sanyinmu da hannuwanmu muna loda wa yarinyar da muka goya. Na ga maɗina, wanda na ƙone yatsa a kansa, ya shige bayan mota. Matar liman tana tafe tana motsa baki, ban sani ba ko salati take ko lissafin abin da za su ci a watan azumi. Amma wallahi ba wadda ta fasa. Na yi alfahari da layinmu a wannan lokacin, har da Behija, wadda ta rungumo manyan nata biyu a ƙirji tana tafiya kamar mai ɗauke da tagwaye.

Ta isa bakin mota ta tsaya. Murya can ƙasa, kamar ba komai, ta tambayi Sanela idan an cinye abin ciki, ya ake yi da kwalabe a can?

Sanela ta ce, "Ai can ba a ajiye tarkace, Inna. Akwai wani babban kwandon gilashi a bakin titi, jefawa ake yi. Kina jin ƙarar fashewarsu, tas, gwanin daɗi. Yara har rige-rige suke yi."

Na ga jini ya bar fuskar Behija. Fehim ya kama gwiwar hannunta, ta fizge. Ta zauna a bakin but ɗin motar, ta ƙara matse kwalabenta.

"'Yar nan, ki ci abin ciki, halak malak, Allah ya sa ya zame miki lafiya," ta ce. "Ki kawo roba in juye miki. Amma kwalbar uwata ba za ta mutu a kwandon Turawa ba."

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Matar mai burodi ta ce tunda an fara, ita ma masu jan murfin nan nata ne. Fehim ya cire hula ya shafa sanƙo, ya ce shi dai injin kawai ya kawo.

Sanela ta zaga ta buɗe ƙofar gaba, ta ɗauko wani abu daga kan kujera. Jar kwalba ce, irin waɗanda ke ƙarƙashin buhuna a rumfata. Sai a lokacin na tuna cewa biyu na gani da safe sun fita yawo, ɗaya kuwa Fehim ya kama. Ta ce ta tsince ta a kwata wajen gada tana iyo, ta tsaya ne don ta gane murfin mahaifiyarta, da ta buɗe kuma ta gane launin, don shi ne a ƙofar gidansu tun tana yarinya. Ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta yi ƙara irin ta abin da ba komai a cikinsa.

Wasan ya ƙare a nan. Idanunta suka kawo ruwa, kuma ba na dariya ba. Ta juya ga ubanta.

"Baba, hunturu biyu ina kwana da daɗi ina cewa kana da abinci. Me kake ci?"

Ragib ya sunkuyar da kai yana kallon safarsa a jiƙe. Tausayinsa ya kama ni, na ce kada ta damu, ai duk Talata da Asabar yana zuwa aron sufana a gidana daidai azahar, kuma ba ya fita sai ya ci wake. Behija ta ɗago kai da sauri, ta ce sufana? Ita guduma yake zuwa aro, Litinin da Alhamis. Matar liman ta ce Juma'a bayan an sauko nasu ne, yana zuwa yi wa malam tambaya a kan alwala. Matar mai burodi ta ce Laraba da Lahadi yana zuwa duba ko fentin shagonsu ya fara ɓarewa. Kowaccenmu ta ɗauka ita kaɗai ke ciyar da shi a ɓoye, tana rufa masa asiri, tana jiran ladarta ita kaɗai. Abin da ya fi ƙona mini rai, ya sha gaya mini cewa duk layin nan ba mai dafa wake kamar ni. Na faɗa a fili. Sai ga shi ya gaya wa Behija haka a kan miyarta, ya gaya wa matar liman a kan shinkafarta.

Fehim ya ce, "Maƙwabci, kai ba mai fenti ba ne, gwamna ne. Haraji kake karɓa gida-gida."

Sanela ta yi dariya da hawaye a fuska, amma ba ta daɗe ba. Ta ce magana dai an yi ta a gaban shaida, ga Inna Zumreta nan. Na ji kamar in nutse, don gaskiya ne, ni ce shaidar.

Ragib ya ce a shiga ciki, ba a yanke wa mutum hukunci a titi. Muka taru a ɗakin girki. Ya sa hannu a aljihun kwat ya fito da kwalbar nan da ya ɗauka daga laka, ya ajiye a tebur. Maɗin tuffa ne, na itacen tsakar gida, na kakar ƙarshe da Mujesira ta juya tukunya. Ya ce ita kaɗai ce ta gaske a ɗakin, shi ya sa ba ta tashi ba. Na zaci da ita zai kare kansa, ya ce ai kantocin ba fayau suke ba. Da ni ce haka zan yi. Shi kuwa sai ya ce wa Sanela ta wanke bayanta da ruwan zafi ta kawo burodi.

Murfin ya ƙi buɗuwa a hannunsa, ta karɓa ta buɗe. Ƙamshin ya cika ɗakin, kuma duk wanda ya san Mujesira ya san wannan ƙamshin, don ita kaɗai ke bari ya ɗan kama gindin tukunya da gangan. Ya shafa wa kowa a yanki ɗaya. Muka ci. Ni dai na yi kuka, ban kuma ɓoye ba.

"To, yanzu babu komai a ƙasa, na gaske ko na zane," ya ce wa 'yarsa. "Na gaji da yi miki ƙarya. Jakar tana saman kabad, ba na iya sauko da ita ni kaɗai."

Sanela ta daɗe tana kallon kwalbar. An ci kamar rabi. Ta mayar da murfin ta murɗe sosai, ta tashi da ita, ta nufi matakala. Ba wanda ya ce mu bi ta, amma muka tsaya a sama muna leƙe. Ta taka laka har gaban kantocin da muka kwashe, ta ajiye rabin kwalbar a tsakiyar ta sama. Ta ja da baya, ta kunna fitilar wayarta, ta haska daga wannan gefe zuwa wancan, yadda take yi kowace kaka. Ta gyaɗa kai.

"Akwai tanadi," ta ce, ta hau.

Ragib ya juya ya fuskanci taga, ya ce wani abu ya faɗa masa a ido, wataƙila ɓurɓushin fenti.

Sanela ta yi mako guda. Ta sa an watsa farar ƙasa a ɗakin, an bar tagogi a buɗe, an zubar da dankalin. A rana ta uku ta yaye tamfol ɗin murhun uwarta, ta sayo buhun tattasai, ta zaunar da ubanta yana ɓarewa tana juyawa, hayaƙi ya cika layi. Ajbar ɗin ya yi gishiri da yawa, na gaya mata.

Ranar tafiya ta mayar wa kowa kayansa, sai dai ta riƙe kwalba ɗaya daga kowane gida. Kwalbar Behija kuwa ta zaunar da ita a kujerar gaba ta ɗaura mata bel. Ta ce za ta dawo da su da bazara da hannunta, amma za ta auna Baba kafin ta sauke, kuma idan ta tarar ya rame, kowa ya san inda kwandon gilashi yake. Behija ta bi motar da ido har ta sha kwana, sannan ta juya ta tambayi Ragib ko yana son nama a miyar Litinin.

Ranar Talata da azahar na ji ƙwanƙwasa. Ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu, ya ce ko zan ba shi aron sufana. Na ce babu sufana, akwai wake, kuma idan ya sake yabonsa sai na kife masa kwanon a ka. Ya zauna ya cinye, ya miƙo a ƙara.